Kallon Tsuntsaye a Fadamar Gishiri ta Titchwell: Ka Duba Wata Kafin Ka Sayi Tikiti

Wanda zai je kallon tsuntsaye a bakin teku, tambayar da zai fara yi wa kansa ita ce: yau nawa ga wata? Watan sama nake nufi, wanda muke duban tsayuwarsa. A fadamar gishiri teku ne ke kaɗa tsuntsaye. Idan ya ciko sai ya turo su har gabanka, idan ya janye sai su bi shi can nesa inda ko da madubi sai dai ka hangi ɗige-ɗige. Shi kuma teku wata yake bi. Mutum biyu za su je wuri ɗaya cikin mako ɗaya, wannan ya dawo yana ba da labari, wancan ya dawo yana jin haushin kuɗin motarsa, alhali bambancinsu bai wuce sa'ar da kowa ya isa ba.

Wannan jagora ta shafi Titchwell Marsh ne, a gaɓar arewacin Norfolk da ke gabashin Ingila, saboda 'yan uwa da karatu ko aiki ko ziyara ta kai Birtaniya. Amma lissafin da ke ciki zai yi aiki a duk wata fadama da ruwan teku ke shiga yana fita.

Wurin da za ka

Titchwell na tsakanin ƙauyukan Thornham da Brancaster, kimanin kilomita 8 gabas da garin Hunstanton. Faɗinsa hekta 171, kuma yana hannun RSPB, ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya da aka kafa a 1889. A da gona ce da aka ƙwato daga teku aka kewaye da jinga. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojoji suka mai da wurin filin koyon harbi, shi ya sa har yanzu a kan ga tarkacen tankokin yaƙi a rairayi idan ruwa ya janye. A daren 31 ga Janairu 1953 babbar ambaliyar teku ta fasa jingar, ruwan gishiri ya koma muhallinsa, gona ta sake zama fadama. RSPB ta sayi wurin a 1973, bayan wani irin shaho da ba safai ake ganinsa a ƙasar ba ya yi sheƙa a can.

Abin da ya sa na fi son a fara da nan shi ne hanyar. Daga ofishin baƙi zuwa bakin teku kusan kilomita ɗaya ce, miƙaƙƙiya, a kan jinga, amma kafin ka kai ƙarshenta ka wuce kurmin kyauro, tafkin ruwan daɗi, fadamar gishiri, tudun rairayi, sannan teku. Kowanne da tsuntsayensa. A 2011 ma RSPB da kanta ta fasa wata jinga da gangan, ta bar teku ya riƙa shiga sashen da ake kira Volunteer Marsh, domin fadamar gishiri tana karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta kai ga tafkin ruwan daɗi da ke bayanta.

Mataki na farko: lissafin teku

Teku yana cikowa sau biyu cikin yini da dare. Tsakanin cikowa da cikowa akwai kimanin awa 12 da minti 25, don haka kullum lokacin yana jinkirtawa da kusan minti 50. Idan yau ya cika da ƙarfe bakwai na safe, gobe sai wajen takwas saura.

Ƙarfin cikowar ma ba ɗaya ba ne. Idan rana da wata suka daidaita a layi ɗaya, wato lokacin da wata ya ɓace gab da tsayuwar sabo, da kuma lokacin da ya cika a daren sha huɗu, jansu yana haɗuwa, ruwa ya hau sosai kuma ya sauka sosai. Abin yakan kai ƙololuwa kwana ɗaya ko biyu bayan haka. Ga mai bin kalandar Hijira lissafin a tafin hannunsa yake: manyan cikowa suna faɗowa wajen 1 zuwa 3 ga wata, da kuma 15 zuwa 17. Wajen 8 ko 9 ga wata, da 23 ko 24, ruwan ba ya yin wani ƙarfi, taɓo da yawa yana zama a buɗe, tsuntsaye kuma ba abin da zai tilasta musu matsowa. A Hunstanton, ranar babbar cikowa, tazarar da ke tsakanin cikar ruwa da ƙarshen janyewarsa ta haura mita 6. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wannan tazara tana nufin filin taɓo mai nisan gaske ya nutse cikin 'yan awoyi.

A wannan gaɓa akwai wani abu da ya kamata ka sani tun da wuri: babbar cikowa kullum da sassafe take zuwa, wajen ƙarfe shida zuwa takwas, sai ta maimaita da yamma a irin wannan lokaci. Ƙaramar ce ke faɗowa da tsakar rana. Wanda ya taso daga Landan da safe ba zai riski babbar ba. Ko dai ya kwana a Hunstanton ko King's Lynn, ko ya jira ta yamma a watannin da rana ke daɗewa, ko kuma ya zaɓi 4 zuwa 6 ga wata, ko 18 zuwa 20, lokacin da cikowar ke faɗowa da hantsi kuma da sauran ƙarfinta.

Wata zai nuna maka makon, amma sa'ar sai jadawali. Ka nemi jadawalin cikowar teku na Hunstanton a intanet, ka tabbatar da wane agogo aka rubuta shi. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba Birtaniya tana tura agogonta gaba da awa ɗaya, ya zo daidai da na Najeriya da Nijar, wasu jadawalan kuwa ba sa yin wannan gyara. Kuskuren awa guda ya isa ya ɓata maka tafiya.

Yadda za ka yi amfani da lissafin shi ne: ka kasance a kan jinga awa biyu kafin cikar ruwa, ka zauna a ɗakin laɓe (ɗan ɗakin da ake kallon tsuntsaye ta taga ba su gan ka ba) da ke kallon tafki lokacin da teku ya cika, domin a nan tsuntsayen da aka koro daga taɓo ke sauka su huta, sannan ka gangara bakin teku idan ya fara janyewa, lokacin da suke komawa kiwo da yunwa.

Mataki na biyu: wane watan shekara

Nuwamba zuwa Fabrairu. In da za a ce in zaɓar wa mai farawa lokaci ɗaya, wannan zan zaɓa, duk da sanyin. Tsuntsayen manya ne, suna da yawa, suna fili, ba ganyen da zai ɓoye su. Akwai baƙar dinya ƙarama mai ɗan farin zane a wuya, burent, da ke zuwa daga gaɓar arewacin Saiberiya, tana kiwo a fadamar gishiri tana shigowa tafki shan ruwa da wanka. Akwai dinya mai ƙafa ruwan hoda daga Aislan da Girinlan, wadda ke kwana a bakin teku, da asuba ta tashi dubbai zuwa gonaki cin ragowar wani tushe da manoman Norfolk ke nomawa don yin sukari. Agwagin daji iri-iri sun cika tafki, mazan cikin mafi kyawun gashinsu. Idan ka ga duk abin da ke tafkin ya tashi sama lokaci guda, kada ka bi garken da ido, ka duba samansu ko bayansu, akwai shahon da ya firgita su. Kafin faɗuwar rana ka tsaya daidai kurmin kyauro, shahon fadama sukan taru a nan su yi ta shawagi kafin su sauka kwana.

Matsalar hunturu ita ce gajertar yini. A Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas, kafin ƙarfe huɗu ta faɗi. Azahar, La'asar da Magariba duk suna shigowa cikin awa huɗu, don haka ka riƙe alwalarka, ka saka 'yar darduma a jaka.

Maris zuwa Mayu. Nan ne baƙin da suka je cin rani Afirka ke dawowa, kuma nan ne labarin ya taɓo gida. Ɗan tsuntsun nan mai farin gira da ke surutu ba ƙaƙƙautawa a bakin kyauro daga tsakiyar Afrilu, a fadamun kudu da Sahara ya yi hunturu, kuma kafin ya ƙetare hamada yakan ci har nauyinsa ya kusan ninkawa. Ƙaramar agwagwa gagani, wadda namijinta ke da farin zane daga ido zuwa ƙeya, tana cikin agwagin da ke cika fadamar Hadejiya da Nguru da Tafkin Cadi a lokacin sanyi. Haka ma raf, wani tsuntsun taɓo mai dogayen ƙafafu, wanda ke tsintar shinkafar da ta zube a gonakin fadama. Fararen tsuntsayen da ke faɗawa teku da ka suna kama kifi, waɗanda ke ƙyanƙyasa a tsibirin Scolt Head da Blakeney Point, gaɓar Senegal da Ghana suke bi idan sanyi ya zo. Masana sun farga da ƙarfin wannan dangantaka ne a 1969, shekarar da wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 a Birtaniya tsakanin shekara ɗaya, bincike kuma ya danganta abin da farin da ya afka wa yankin Sahel. RSPB tana cikin ƙungiyoyin da suka fara aikin kare fadamar Hadejiya da Nguru a 1987, kuma a 2000 tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu, wadda gaɓar arewacin Norfolk ke ciki tun 1976.

A wannan lokaci kunne ya fi ido aiki, kuma sammako wajibi ne. Ka saurari bitan, wani zalɓe mai ruwan ƙasa da ke ɓuya cikin kyauro. Kukan namijinsa kamar a hura bakin kwalbar da ba komai a ciki ne, mai zurfi, ana jin sa daga nisan kilomitoci. A 1997 maza 11 kacal aka ji suna kuka a duk Birtaniya, sai da aka yi ta gyaran kurmin kyauro sannan ya farfaɗo. Ganinsa sai an dace, yawanci idan ya tashi daga wannan gefe zuwa wancan. Shahon fadama kuwa, wanda a 1971 ma'aurata ɗaya ne suka rage suna sheƙa a ƙasar, yanzu da wuya ka je ba ka gan shi ba. Ka lura da yadda namiji ke sakin abinci a sama mace ta juya ta cafe da ƙafa. A tsibiran tafki kuma abosit sun fara sheƙa: fari da baƙi, ƙafa shuɗiya-shuɗiya, baki siriri da ya lanƙwasa sama. Shi ne a tambarin RSPB. Ya ɓace daga ƙasar kusan shekara ɗari, ya dawo a 1947, ya fara ƙyanƙyasa a Titchwell a 1984.

Yuni da Yuli sun fi sauran lafawa. Akwai 'yan tsaki, akwai faɗan iyaye da masu satar ƙwai, fadamar gishiri kuma tana rufewa da fure ruwan shunayya. Lokaci ne mai daɗin zuwa da yara.

Agusta zuwa Oktoba. Gwanaye wannan suke jira. Tsuntsayen taɓo da suka ƙyanƙyashe a ƙarshen arewacin duniya suna ratsawa zuwa kudu, manya da farko, 'ya'yan bana daga baya, kuma kowace safiya tafkin na iya wayewa da sabon baƙo. Mafi girman cikowar shekara ma wajen Satumba da Maris take zuwa. A nan sai ka ƙara iska cikin lissafi. Iskar arewa mai ƙarfi tana turo tsuntsayen tsakiyar teku kusa da gaɓa, sai a zauna a gindin tudun rairayi a fuskanci ruwa. Iskar gabas da yayyafi tana sauke ƙananan tsuntsaye da suka gaji a bishiyoyin da ke kusa da wurin ajiye motoci, har da wani ɗan mitsitsi mai rawayar gira da ke zuwa daga Saiberiya, nauyinsa bai wuce giram 6 ko 7 ba. Safiyar da babu iska ko kaɗan kuwa ta ɗan tsuntsun kyauro ce, mai dogon wutsiya wanda namijinsa ke da baƙin gashin baki. Za ka ji ƙararsa siririya, tin, tin, kafin ka gan shi.

Mataki na uku: kaya

Madubin hangen nesa mai ido biyu shi ne jigon tafiyar. Ka nemi wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa: 8 na nufin yana kusanto abu sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne da milimita, wanda shi ke tara haske. Kada lamba mai girma ta ruɗe ka. Mai ninki 12 ko 16 yana rawa a hannu, kuma filin da yake nunawa ƙarami ne, kafin ka lalubo tsuntsun ya tashi. In ba ka da shi, ana ba da haya a shagon ofishin baƙi, kuma gara ka yi hayar kafin ka sa kuɗinka. Babban madubi mai ƙafa uku yana da amfani a tafki da teku, sai dai ba na ranar farko ba ne.

Ka saita madubin tun kafin ka hau jinga. Buɗe ko matse shi har da'ira biyun su zama ɗaya. Rufe gilashin dama, juya babban abin saiti na tsakiya har wani rubutu mai nisa ya fito sarai ga idon hagu. Sannan rufe na hagu, juya ɗan zoben da ke jikin idon dama har shi ma ya fito. Shi ke nan, daga nan na tsakiya kawai za ka riƙa taɓawa. Idan ka hangi tsuntsu, ka kafe shi da ido, ka ɗago madubin zuwa idonka ba tare da ka sunkuya ba. Masu farawa a nan suke rasa tsuntsu.

Tufafi: a sa riga kan riga, ta waje wadda iska da ruwa ba sa ratsawa, da hular sanyi mai rufe kunne, da safar hannu. Sanyin tsayuwa wuri ɗaya a bakin teku ya fi na tafiya cikin gari nesa ba kusa ba, kuma ko a watan Mayu iskar na iya cizo. Farin kaftani da mayafi mai ƙyalli a bar su a gida, duk abin da ke kaɗawa a iska ko yake ɗaukar ido yana korar tsuntsu. Ruwan ƙasa, ruwan toka ko kore mai duhu sun fi. Sai filas na shayi, da ƙaramin littafi da fensir, don biro yakan ƙi rubutu a takarda mai laima.

Mataki na huɗu: hanya

Daga tashar King's Cross a Landan jirgin ƙasa yana kaiwa King's Lynn cikin ƙasa da awa biyu. Daga can akwai bas da ke bin gaɓa ta Hunstanton, yana tsayawa kan titin A149 kusa da mashigar wurin. Waɗanda ba mambobin RSPB ba suna biyan kuɗin shiga. Ka duba lokacin bas na ƙarshe tun kafin ka sauka daga na farko, musamman ranar Lahadi da lokacin hunturu.

Mataki na biyar: a kan jinga

Ka fara shiga ofishin baƙi ka karanta allon abin da aka gani yau da jiya, ka tambayi ma'aikatan sa kai inda ya fi motsi. Aikinsu ke nan kuma suna jin daɗin tambaya.

Hanyar arewa ta miƙe. Kyauro da tafki suna damanka, wato gabas, babbar fadamar gishiri ta Thornham tana hagunka. Saboda haka da safe rana tana cikin idonka idan ka dubi tafki, duk tsuntsu ya zama baƙin inuwa, amma gefen hagu ya fito tas. Bayan azahar abin ya juya. Da safe ka ba fadamar gishiri lokacinka, ka bi magudanan ruwa da madubi a hankali, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Kallon farko za ka ce ba komai a ciki. Ka ƙara minti goma a tsaye, sai ka ga kai ya ɗago daga wani rami, farin zalɓe ya fito daga lungu, ridshank mai jan ƙafa ya tashi yana ihu, shi da ba ya ganin motsi ya yi shiru.

Ɗakin laɓe na farko shi ne Island, sai Parrinder a gaba, mai fuska biyu, ɗaya tana kallon tafkin ruwan daɗi ɗaya tana kallon Volunteer Marsh. A ciki ana magana ƙasa-ƙasa, waya a kashe mata ƙara, kuma ba a fitar da hannu ta taga don nuni. Doguwar gaisuwarmu a ajiye ta sai an fito. Amma kada kunya ta hana ka tambayar na kusa da kai abin da yake kallo, sau da yawa zai matsa ya ce ka leƙa cikin babban madubinsa. Idan za ka kwatanta wa wani inda tsuntsu yake, ka kama wata alama tsayayya, kamar tsibiri ko turke, ka ce hagu ko dama da ita, gaba ko baya. Ka ba kowane ɗaki aƙalla rabin awa. Masu leƙawa su fita cikin minti biyar su ne ke cewa ba su ga komai ba.

Kada ka yi mamaki in ka ga Turawa sun yi cincirindo a kan abin da ka saba gani a bayan gari. Balbela sai a 2008 ta fara ƙyanƙyasa a Birtaniya. Tsuntsun nan fari da baƙi mai dogayen ƙafafu jajaye da ke yawo a tafkunanmu, guda ɗaya ya sauka Titchwell a 1993 ya zauna har 2005, aka raɗa masa suna Sammy, mutane suka yi ta zuwa daga nesa don shi.

Ana barin masu karnuka su bi wannan babbar hanya in suna riƙe da igiya, don haka mai ƙyamar kare ya taɓa masa tufafi ya riƙa ratsewa gefe.

Mataki na shida: gane tsuntsun taɓo

Su ne masu wahala, domin a hunturu kusan dukkansu ruwan toka ne ko ruwan ƙasa. Launi shi ne abu na ƙarshe da za ka duba. Fara da girma: ya kai tattabara, ko bai kai ba, ko ya kusa kaza? Ka gwada shi da wanda ke tsaye kusa da shi. Sai baki: ya fi kai tsawo ko bai kai ba, miƙaƙƙe ne, ya lanƙwasa ƙasa, ko sama? Sai ƙafa, tare da tuna cewa taɓo na iya ɓata launinta. Sai yadda yake cin abinci, wanda sau da yawa shi ke warware matsalar tun daga nesa.

Kalu, babbansu, bakinsa dogo ne ya lanƙwasa ƙasa, yana zaro tsutsa daga can cikin taɓo. Godwit dogon baki ne kusan miƙaƙƙe, yana soka shi har gindi. Abosit yana share ruwa da baki hagu da dama. Masu gajeren baki da manyan idanu gudu suke yi, su tsaya cak, su tsinta, su sake gudu, da ido suke farauta. Sandalin, ɗan fari-fari, yana bin igiyar ruwa in ta koma yana gudu in ta dawo. Wani kuma aikinsa ke nan kife tsakuwa da ciyawar teku yana neman abin da ke ƙasa. Macin kawa ba ya ɓuya: baƙi da fari, baki ja mai kauri, ga ƙara. Bambancin tsawon baki ne ya sa dukkansu ke kiwo a fili ɗaya ba tare da sun ci abincin juna ba, kowa da zurfin da yake kaiwa.

Ranar farko ka riƙe biyar ka san su sosai. Manhajar gane tsuntsaye ta Merlin tana taimakawa da hoto da sauti, amma ka fara rubuta abin da idonka ya gani kafin ka buɗe ta, in ba haka ba za ka ga abin da waya ta ce ne. Kada a kunna kukan tsuntsu don a jawo shi. Dokar kare namun daji ta Birtaniya ta 1981 ta hana damun irin su abosit, bitan da shahon fadama a sheƙarsu, kuma igiyar da aka kewaye wani sashen rairayi da ita daga Afrilu saboda masu ƙwai a ƙasa ne, ƙwan da ba a bambance shi da tsakuwa.

Ƙirga garke: ka ƙirga goma, ka riƙe girman wannan gungu a ido, ka auna shi sau goma ya zama ɗari, sannan ka auna ɗarin a kan sauran. Yawancin mutane ƙasa da gaskiya suke faɗa.

Kashedi guda, kuma da gaske nake. Kada ka sauka daga hanya ka shiga fadamar gishiri, kada kuma ka bi ruwa can nesa idan ya janye. Rabin duk hawan da ruwa zai yi yana zuwa ne cikin awa ta uku da ta huɗu bayan ya fara cikowa, kuma magudanan da ke bayanka suna cika kafin gabanka. Tsohon jirgin ruwan da ake hangowa a rairayin Brancaster ya sha jawo mutane ruwa ya rutsa da su. Idan ka ga wani cikin haɗari, ka kira 999 ka nemi masu tsaron gaɓar teku.

Idan ka samu kwana na biyu

Ka kai shi Snettisham, kudu da Hunstanton, a bakin mashigin Wash. A can ne lissafin wata ke biyan ka dukan wahalarka. Ranar babbar cikowa, daga wajen Agusta har cikin hunturu, ruwa yana cinye taɓon gaba ɗaya, sai dubun dubatan not, tsuntsayen taɓo da ke ƙyanƙyasa a Girinlan da arewacin Kanada, su tashi tare, su yi ta murɗawa a sama, su juya baya su yi duhu, su juya ciki su yi fari, sannan su zubo ta saman kanka zuwa tafkunan da ke bayan jinga. RSPB tana fitar da ranakun tun kafin lokaci, a shafinta kuma za ka ga ko ana buƙatar kama wurin mota tun da wuri. Daga wurin mota zuwa bakin kallo tafiya ce ta fiye da kilomita biyu, babu shago, kuma dole ka isa aƙalla awa ɗaya da rabi kafin cikar ruwa, wanda a hunturu yana nufin tafiya cikin duhu da tocila.

In kuwa tashin dinya da asuba kake so, lissafin ya sha bamban: ka guji kwanakin da ke kewaye da daren sha huɗu, domin idan akwai farin wata dinyar takan zauna a gonaki tana kiwo har cikin dare, ba ta dawowa bakin teku ta kwana. Farkon watan Hijira da ya faɗo cikin Disamba ko Janairu yana haɗa maka biyun, duhun dare da babbar cikowa.

Kafin ka hau bas, ka rubuta kwanan wata biyu a littafinka, na Miladiyya da na Hijira, da sa'ar cikar ruwa, da inda iska ta fito, sannan jerin abin da ka gani da adadinsa. In kana so bayanan su yi wa wasu amfani, ka shigar da su shafin intanet na BirdTrack, wanda ƙungiyar nazarin tsuntsaye ta BTO da ke Thetford a nan Norfolk ke gudanarwa, ko eBird, wanda ke karɓar rahoto daga Nguru kamar yadda yake karɓa daga Titchwell.